Noti Ɗaya a Kowace Taya

Ranar Litinin da safe Sista ta ajiye safayar mukullin motarta a kan tebur, kusa da kofin shayin mijinta, amma ba ta ɗauke yatsanta daga kai ba.

Ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk layin Sista suke ce mata, har da mijin. Motar ita ta saya, ƙarama, fara, kullum tana ƙamshin sabulu. Shi kuwa labule yake sayarwa a bakin titi. Ba wanda ya ƙara kiransa da ainihin sunansa tun ranar da aka gan shi yana kallon tseren motoci a talabijin riƙe da murfin tukunya, yana shan kwana tare da direbobi. Daga nan sunan Sitiyari ya bi shi. Yana da lasisi, a cikin leda, a cikin walat. Sau ɗaya Sista ta taɓa ba shi tuƙi, kuma har yau ginshiƙin ƙofar gidansu yana ɗauke da farin fentin wannan rana.

Sharaɗi biyu ta gindaya. Ranar Lahadi tana da aiki, za ta bi motar asibiti ta bar masa tata. Da safe ya kai ta wurin mai faci a mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba, don na gaban sun fara suɗewa. Da yamma ya je tasha ya ɗauko mahaifiyarta, wadda za ta zo musu kwana biyu. Idan ya yi duka biyun motar ba ko ƙwarzane, mukullin ya zama nasa.

"Ka ji dai? Mai faci."

"Sista, mutumin da ya san taya mai laushi, da mai tauri, da ta ruwan sama, shi kike wa bayanin taya?"

"Shi nake wa," ta ce, ta ɗauke yatsanta.

Kafin ta kai bakin ƙofa ya kira surukarsa a waya. Ya ce mata wannan karon ba ita ba tasi, shi da kansa zai zo da mota, ta zauna a baya ta miƙe ƙafa. Mama ta daɗe da yanke shawara a kan mijin 'yarta, ba ta dai taɓa faɗa da ƙarfi ba. Ta ce Allah ya kai mu, ta tambayi lafiyar ginshiƙin ƙofa.

Layin nasu gangare ne. Daga tankin ruwa da ke sama yake sauka har babban titi, kuma duk ƙwallon da ta kuɓuce wa yara a can ƙasa ake tsinto ta. A tsakiyar gangaren shagon Mai Aski yake, da talabijin a saman madubi. Nan masu son tsere suke taruwa bayan an tashi daga aiki: Mai Aski kansa, da Tela, da Dogo mai gyaran wutar lantarki, da Akawu, wanda ya yi ritaya amma bai daina ɗaura agogo a kan hannun riga ba. Yammacin nan ana maimaita wani tsohon tsere, hira ta gangaro kan abin da kowa ba zai manta ba.

Tela ya ce nasa shi ne tseren da aka yi cikin ruwan sama, na gaba duka suka sulale a kwana ɗaya kamar an zuba musu sabulu, wani bawan Allah da ke can ƙarshe ya zo a hankali ya wuce su ya ci. Don murna ranar sai da ya ɗinke ƙafar wandon wani ruf. Mai Aski ya ce shi zagayen ƙarshe ne, motoci biyu kafaɗa da kafaɗa, injin aski yana kan wani mutum. Da aka ɗaga tuta ya duba sai ya ga ya buɗe titi daga goshi har ƙeya. Dogo ya ce shi nasa baƙin ciki ne: wuta ta ɗauke ana saura kwana biyu a gama, ya hau tsani ya gyara, da hoto ya dawo sai ya tarar ana fesa kwalba a kan dandamali. Akawu, kamar kullum, ya ba da labarin ranar da ya ga motar tsere ta gaske a bayan tirela a gidan mai, har ya taɓa tayarta. Ya rantse da ɗuminta.

"A bayan tirela?" in ji Tela.

"Irin wannan taya ba ta hucewa."

Sitiyari ya bari suka gama. Sannan ya ce duk abin da suka faɗa gumin wasu ne suke tunawa. Kuma ma ba su fahimci wasan ba. Ba a kan titi ake cin tsere ba, a wurin canjin taya ake ci, inda mota za ta tsaya, mutane su rufe ta, kafin ka haɗiye yawu ta tashi da sababbin tayoyi huɗu. Wannan tsari ne kawai, kuma tsari a kansa yake.

Mai Aski ya ce tsari yana da kyau, sai dai ana bukatar mota, kuma a iya saninsa murfin tukunya ba shi da taya.

Sitiyari ya zaro mukullin ya ajiye a cikin kayan aski. Akawu ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Shirin mai sauƙi ne. Ranar Lahadi, kafin a fara tseren talabijin, za a yi canjin taya a ƙofar shagon nan, a gaban kowa. Mutum huɗu, taya huɗu, shi a kujerar direba. Sababbin tayoyi babu, amma wannan ba matsala ba ce: na gaba za su gara tayarsu baya, na baya su garo tasu gaba, kowa ya cafe ta ɗan'uwansa ya ɗaura. Abin da Sista ta ce a yi ke nan, sai dai a ƙiftawar ido. Akawu ya tambaya ko ba za a gayyaci mai faci ba, ko don kallo. Sitiyari ya ce mai faci ƙwallon ƙafa yake kallo, ba zai gane ba.

Washegari aka fara atisaye a cikin shagon. Bencin jiran aski ya zama mota, robobin wanki huɗu suka zama tayoyi. Sitiyari yana zaune a tsakiyar benci da murfinsa, yana ba da umarni guda, wanda ya sa suka haddace: cire, gara, kar ka waiwaya. Ya ce duk wanda ya bi taya da ido ya ɓata lokaci. Ƙwararru hannu kawai suke miƙawa, taya ta zo. Robobin kuwa masu biyayya ne. A kan simintin shago sai su yi 'yar tafiya su kife daidai ƙafar mai jira. Sau ɗaya ne robar Dogo ta tashi sama ta tsaga kusurwar madubi, Sitiyari ya ce ko manyan kamfanoni suna asarar kaya a gwaji. Ranar Alhamis matar Tela ta shigo da jiƙaƙƙun kaya a kafaɗa, ta zare tayar hagu ta baya daga hannun mijinta ta fice. Aka ƙarasa atisayen ranar da kwandon shara.

Sai maganar kaya. Sitiyari ya ce ba a shiga wannan aiki da rigar gida. Ya kawo ragowar yadin labule da ya ƙi sayuwa, mai manyan furanni ja da ruwan ɗorawa, Tela ya ɗinka musu riga haɗe da wando guda biyar cikin gaggawa. Yadin bai isa Dogo ba, sai aka cike hannuwansa da saman labulen, zobban ƙarfen suna nan, yana motsi suna kaɗawa. Hulunan kwano kuma aka aro wurin masu babur.

Labari ya zaga layi. Mai kantin magani ya tare Sitiyari ya tambaye shi ko ya ƙaro bandeji. Matar da ke saman bene, wadda barandarta ke kallon shagon, ta leƙo ta tambaya ko Sista ta sani.

"Mamaki za mu ba ta, Yaya."

"Za ta sha shi kuwa," in ji matar.

Lahadi da safe motar asibiti ta ɗauki Sista. Sitiyari ya sa rigarsa mai furanni, ya tsuguna gaban tayar gaba, ransa ya ɓaci. Notoci huɗu. Ya zaga, kowace taya huɗu. Ya kira Akawu ya nuna masa. Motar tsere, in ji shi, noti ɗaya gare ta a tsakiya, kuma tana gudun da ya ninka na wannan; sauran ukun tsoro ne kawai na masu ƙera motocin gida. Akawu ya ce wataƙila wancan ɗayan babba ne. Sitiyari ya ce noti noti ne. Ya kwance uku-uku daga kowace taya ya zuba a aljihun rigarsa, aljihun ya yi nauyi yana dukan cinyarsa. Sannan ya ɗauko jan fenti ya zagaye gefen kowace taya, yadda ake yi wa tayoyin tsere masu laushi.

Da azahar layin ya cika. An ja igiya daga sandar wuta zuwa ƙofar mai wanki da guga, an zana akwati da alli a gaban shago inda mota za ta tsaya. Ma'aikata huɗu suka fito a jere cikin furanni da hular kwano, kowa da sifanarsa, zobban Dogo suna kaɗawa. Wata yarinya ta tambayi uwarta ko taga ce ke tafiya. Mai Aski ya ajiye lemon kwalba a bakin ƙofa don fesawar nasara. Wayar Sitiyari tana cikin wandonsa na gida, a rataye a ƙusa cikin shago, kuma ta fara ƙara tun ana jan igiya. Motar su Mama ta iso tasha da wuri.

Sitiyari ya hau da motar har wajen tanki, ya juyo da hancinta ƙasa. Tana tafe tayoyin suna wani ƙwal-ƙwal, kamar ana buga cokali a kofi. Ya gangaro yana danna hon, ya wuce akwatin alli da tsawon mota guda, ya taka birki, mota ta mutu. Ya tayar, ya yi baya, ya sake wuce akwatin. A karo na uku Mai Aski ya goge allin da ƙafa ya sake zana shi a inda motar take.

Jak biyu gare su, na Sista da na aro, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A talabijin ɗaga mota bai fi tari ɗaya ba. Nan kuwa aka yi ta juya ƙarfe, motar tana tashi kamar ba ta so. Matar saman bene ta shiga ta sauke tukunya ta dawo, ba a gama ba. Wani ya tambaya ko an fara ne. Sitiyari, daga cikin hular kwano, ya ce ba a ƙirga wannan.

Da tayoyi huɗun suka bar ƙasa, kowa ya tsuguna a wurinsa: Mai Aski da Akawu a gaba, Dogo da Tela a baya. Sitiyari ya danna hon.

A nan dole a yi masa adalci, noti ɗaya yana da saurin kwancewa. Kafin mutane su gama gyara tsayuwa tayoyi huɗu sun fita. Aka gara, ba wanda ya waiwaya.

Taya ba roba ba ce, kuma layin ba simintin shago ba ne. Ta Dogo ta wuce ta gaban Mai Aski tana iska, hannuwansa a miƙe. Ta Tela ta bi ta ɗaya gefen. Akawu, wanda numfashinsa ya rufe gilashin hula da na tabarau gaba ɗaya, ya rungumi wurin da ta bari. Na gaban kuma, da aka gara su sama, suka baje gefe nesa da masu jira, suka hau gangaren kaɗan, suka tsaya kamar masu tunani, sannan suka juyo suka bi 'yan'uwansu. Mutum huɗu suna tsugune, hannuwa a buɗe, suna jiran taya ta zo.

Wani daga cikin 'yan kallo ne ya fara cewa ta Tela ce a gaba. Nan take layin ya juya baya ga motar. Tayoyi huɗu masu jan baki suna sauka gangare, biyu a gaba kafaɗa da kafaɗa, biyu suna kora. Ma'aikatan suka miƙe suka ɗaga gilashin huluna. Tela ya hau kan benci yana kiran tasa da ta riƙe cikin kwana. Daidai kantin magani ta Akawu, wadda ta tashi a ƙarshe, ta daki dutse ta yi tsalle ta wuce ta Mai Aski, dattijon ya riƙe hannun wanda ke kusa da shi yana cewa ya gani, ya gani. Ta Tela ta ɗauki kwanar da faɗi ta shige shanyar mai wanki, ta fito da farin zanin gado a jikinta, ta yi 'yan taku ta kife. Ta Mai Aski ta faɗa kwata. Ta Akawu ta shiga buɗaɗɗiyar ƙofar gidan burodi, aka ji ƙarar tire-tire daga ciki. Ta Dogo kaɗai ta miƙe sak har ƙasa.

Sitiyari ba ya ganin komai sai bayan mutane. Ya leƙo ta taga, bai isa ba. Ya buɗe ƙofa ya taka bakinta ya miƙe tsaye, duk nauyinsa a gefe ɗaya. Motar ta karkata a hankali, jak na gaba ya zame, na baya ya bi shi, ta zauna a kan cikinta da wani nishi na ƙarfe. Ya diro, ɗinkin aljihunsa ya buɗe, notoci goma sha biyu suka watse a kan kwalta suka kama hanyar kwata ɗaya bayan ɗaya.

Ba wanda ya lura, domin a can ƙasa tayar Dogo ta kai babban titi, ta daki ƙofar wata tasi da ke shigowa layin, ta yi juyi biyu ta kwanta. Aka tafa. Dogo ya ɗauki lemon kwalba, ya buɗe, ya toshe bakin da babban yatsa yana girgizawa, zobba suna kaɗawa.

Tasin ta hauro a hankali. Direban ya fito ya buɗe but ya sauke tayar, yana tambayar ta wane ne. Sista ta fito daga baya cikin fararen kayan aiki, tana taya shi faɗa: wane irin sakarai ne zai saki taya a layin da yara ke wasa, har da shafa mata jan fenti? Mutane suka dare mata hanya, kowa yana kallon wani wuri. Sai ta ga motar.

Sitiyari ya riga ya koma kujerar direba ya rufe ƙofa ya sauke gilashin hula. Tela ya sauko daga benci ya tsaya bayan Akawu. Dogo ya daina girgiza kwalbar, amma ba halin ya ɗauke yatsa.

Sista ta zaga motar sau ɗaya. Sai da ta sunkuya sosai kafin ta kai taga.

"Cire hular."

Ya ja, maɗaurin ya ƙi. Ta ce ya bar ta, da hular ma za ta iya magana. Ta ce mahaifiyarta ta yi ta kiransa daga tasha har cajin wayarta ya kusa ƙarewa, ita kuma ta bar marasa lafiya a hannun wata ta je ta ɗauko ta.

"Me na ce a yi wa tayoyin nan?"

"A mayar da na gaba baya, na baya gaba."

"Suna ina?"

"Suna hanya, Sista."

Mai gidan burodi ya iso da ta Akawu a kafaɗa, fulawa har gira. Mai wanki yana biye da shi riƙe da zanin gado mai sawun taya daga wannan gefe zuwa wancan. Direban tasi yana nuna lotsawar ƙofarsa ga duk wanda ya yarda ya duba. Yatsan Dogo ya gaji, lemon ya tashi sama ya sauko a kan rufin motar yana gangarowa ta gilashi.

Mama ce ta fito daga tasin a ƙarshe, da jakarta a hannu. Ta gaida Akawu, ta gaida matar saman bene, ta tsaya ta dubi furannin jikin Tela ta ce yadin yana da kyau. Sannan ta buɗe ƙofar baya ta farar motar. Ba ta sha wahalar shiga ba, kujerar ta sauko daidai gwiwarta. Ta zauna, ta ɗora jakar a cinya, ta miƙe ƙafa.

Sista ta zura hannu ta taga, ta zare mukullin daga jikin motar, ta jefa a jakarta ta ja zif.

Mama ta ƙwanƙwasa bayan hular kwanon da yatsa.

"To, ɗana, ni na shirya. Ja mu je."